Cin abinci a Santambul: ka koma tsohon gidan da ka saba, ko ka sauya wuri?

Wani ƙanina da muke layi ɗaya a Kantin Kwari zai tafi Santambul sarin kaya, a unguwar 'yan sari ta Laleli. Rabonsa da garin tun kafin korona, kuma wannan karon da uwargidansa zai tafi. Bayan la'asar ya zo ya zauna a bakin shagona ya ce, "Yaya, gidan abincin nan namu na bayan Laleli yana nan kuwa? Shekara nawa ina ba ta labarinsa. In kai ta can, ko in nemi wani wuri kada in ji kunya?" Na ce masa wannan ba amsar tsaye ba ce, ya bari in rubuta. To ga ta, gare shi da duk wanda yake da wani gidan abinci da ya saba da shi a garin, yana waswasi tsakanin maganar nan biyu da aka bar mana: da tsohuwar zuma ake magani, da kuma sabo turken wawa.

Ni na fara zuwa a 2013, lokacin dala ɗaya tana wajen lira 2. Na yi ta zirga-zirga har 2019, shekarar da aka kwashe jiragen fasinja daga filin Ataturk aka mai da su sabon fili. Daga nan sai a 2024 na sake taka garin, na tarar dala ta haura lira 30. A tsakanin nan, a watan Oktoba na 2022, hauhawar farashi a lissafin gwamnatin Turkiyya kanta ta kai kashi 85 cikin 100. Naira ma ba ta tsaya jiran kowa ba tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023. Duk farashin da yake kanka na zuwan baya, ka bar shi a Kano. Takardar lira 200, wadda ita ce mafi girma a ƙasar tun 2009, a da sai ka yi kwanaki kana ci a cikinta. A zuwana na ƙarshe cin rana ɗaya ya lashe ta.

Abubuwan da zan auna da su

Na farko kuɗi. Ba zan kawo farashi da lira ba, don kafin jirginka ya sauka ya canja. Mudun awona shi ne cin rana na talakan Baturke: wake da shinkafa da kofin ayran, wato tsinkakken kindirmo mai gishiri, a gidan abincin unguwa. Shi zan kira mudu ɗaya, in auna sauran a kansa gwargwadon abin da aljihuna ya gani.

Na biyu ɗorewa, ita kuma iri biyu ce. Akwai ɗorewar hannu, wato ko abin da ka ci bara shi za ka ci bana. Akwai ɗorewar ciki, wato ko abincin zai riƙe mutumin da zai wuni yana hawa da sauka a benayen Laleli da Merter yana taya kaya.

Na uku sauƙi: nisan wurin daga masauki, lokacin da zai cinye maka, da yadda za ka yi oda ba ka jin Turkanci.

Na huɗu haɗari, kuma ga Bahaushe ya rabu huɗu: giya a wurin, sahihancin nama, ɓacin ciki, da ƙari a takardar lissafi.

Tsohon gida: lokantar 'yan kasuwa

A jikin allo za ka ga an rubuta Esnaf Lokantası, ma'ana gidan abincin masu sana'a. Namu irinsa ne. Ba a ba ka takardar zaɓi. Da ka shiga za ka ga kantar gilashi, a bayanta manyan tirori suna tururi, mai dafawa, wanda suke kira usta, yana tsaye da ludayi. Ka nuna da yatsa, ya zuba. Akwai kuru fasulye, farin wake da aka dafa da tumatir da man shanu har ya yi lugub bai fashe ba. Akwai shinkafa mai ɗan taliya a ciki, miyar adas da suke kira marjimek, tas kebab wanda nama ne a romo ba gashi ba, dogon baƙin yalo da aka tsaga aka cusa masa niƙaƙƙen nama, kaza da dankali, sai sutlac, shinkafa da madara da aka gasa samanta ya yi ja.

Ranar da na koma bayan shekara biyar, sai da na wuce ƙofar na dawo. An cire tsohon allon, an sa mai haske da rubutun Larabci da Rashanci. Tsohon da ke zama a bakin akwatin kuɗi babu shi, ɗansa ne a wurin da na'urar karɓar kati. Gabana ya faɗi. Sai na hango ustan a bayan kanta, kansa ya yi fari fat, ya ɗago ya dube ni, ya ajiye ludayin ya dafa ƙirji ya ce, "Hosh geldin, Haji abi," wato sannu da zuwa, Yaya Alhaji. Ban ce komai ba ya zubo min miyar adas da yankin lemon tsami a gefe, don ita nake fara sha tun 2013. Cokali ɗaya na kai baki na san hannun yana nan. Amma da tas kebab ya zo na ƙirga yankan naman, ɗan kasuwa ba ya rasa wannan hali, na ga dankali ya ci rabin gurbin da nama yake a da. Kwandon burodin ma da ake cikawa har ya yi tozo, yanzu yanka kaɗan ne, sai ka nema a ƙaro.

Abin da na gane ke nan game da irin waɗannan gidaje: allo ba ya dafa abinci. Abu biyu ke riƙe su, ustan da masu cin wurin. In ustan yana nan, kuma ƙarfe ɗaya na rana ka ga teburan cike da teloli, 'yan dako, masu shagunan layin da ma'aikatan kago, to gidan bai mutu ba, ko da fenti ya canja. Waɗannan mutane kullum suke ci, ranar da wake ya yi tsami gobe ba za a gan su ba. In kuwa ka tarar sabon hannu ne a bayan kanta, kuma duk wanda ke zaune baƙo ne irinka da jakar saye a gefe, to sunan kawai ya rage.

Ta fuskar kuɗi mudu ɗaya ne, in ka ƙara nama ya kai ɗaya da rabi ko biyu. Ga wata dabara da Turkawa ke yi: kalmar "az" na nufin kaɗan. Ka ce "az kuru, az pilav", a ba ka ƙaramin zubi na wake da na shinkafa a farashi mai sauƙi, ka samu damar ɗanɗana abu uku maimakon ɗaya. Wajen riƙe ciki babu na biyunsa, wake da shinkafa ba baƙon Bakano ba ne. Sai dai yaji. Girkinsu ba shi da zafi, sai ka nemi pul biber, jan barkonon da ke kan tebur, shi ma ga harshenmu ado ne kawai. Ni ƙullin yajina nake tafiya da shi, kuma ustan ya daɗe da daina yi min dariya.

Sauƙinsa shi ne ba ka buƙatar yare, kuma minti 20 ka gama ka wuce Masallacin Laleli ka yi azahar. Wahalarsa lokaci. Abincin na rana ne, da safe ake dafa shi, daga sha biyu zuwa biyu yake kan ganiyarsa. Bayan la'asar sai ragowar tire da ya sha ɗumame, kuma da yawansu ba sa buɗewa ranar Lahadi. Haɗari kaɗan ne: ba a sayar da giya a irin waɗannan wurare, abincin yana gabanka kana gani, lissafin kuma faranti ne ake ƙirgawa.

Af, ga mai son ya ƙara tsimi: tun 2022 hukumar birnin ta buɗe nata gidajen da ake kira Kent Lokantası, na farkon a unguwar Capa, kan layin T1 na jirgin ƙasan da ke bin titi cikin gari, inda aka fara sayar da abinci kala huɗu a lira 29. Ɗalibai da 'yan fansho ke cika layin. Ni a ganina wanda ya zo da dalar sarin kaya ya bar musu wurin.

Gidan gashi

Wannan shi ne abin da yawancinmu ke nufi in sun ce abincin Turkiyya, kuma nan ne aka fi yin kuskure, don gidajen gashi ba iri ɗaya ba ne.

Akwai kebabci, wato gidan gasa nama, na iyali, irin waɗanda mutanen kudu maso gabashin Turkiyya suka jera a titin Horhor da ke Aksaray, tafiyar ƙafa daga Laleli. Nan za ka samu Adana, naman rago da aka daddatsa da wuƙa haɗe da kitsen wutsiya da jan barkono, aka manna a faffaɗan tsinken ƙarfe aka ɗora a garwashi. Ɗan'uwansa Urfa iri ɗaya ne amma babu barkono. Akwai hanta a ƙananan tsinkaye, da lahmajun, siririn burodi mai shafen nama wanda ake matsa wa lemon tsami a naɗe. Kafin naman ya iso za a jero maka albasa da wani jan gari mai tsami, ganye, dakakken tumatir da barkono, da burodi mai zafi. A irin waɗannan gidaje yawanci kyauta ne, ikram suke kiransa, kalmar da ba sai an fassara mana ba. Duk da haka ka tambaya, "Ikram mi?" Babu wanda zai ji haushi.

In ka bi ta ƙarƙashin tsohuwar gadar ruwan Rumawa a unguwar Fatih za ka faɗa Kadınlar Pazarı, dandalin mutanen garin Siirt na kudu maso gabashin ƙasar. Su sana'arsu buryan: a rataye rago a rami mai zurfi da aka ƙona itace a ciki, a rufe bakin, ya gasu da zafin ramin, a yanko maka a kan burodi da gishiri kawai. Duk wanda ya san balangu mai kyau zai ji kamar ya zo gida. Za a tambaye ka mai ƙashi ko marar ƙashi, mai kitse ko marar kitse. Ka ce mai ƙashi. Kuma ka je da wuri, naman da ya fito daga rami da hantsi ba ɗaya yake da wanda ya jira dare ba.

Sai ojakbashi, a rubuce Ocakbaşı, inda ake zama kewaye da dogon murhu mai gashi yana juya tsinkaye a gabanka. Gashin yana da kyau ƙwarai, amma da yawa daga cikinsu, musamman wajen Taksim da Beyoglu, wurin shan raki ne. Raki giya ce fara tas kamar ruwa, in aka zuba mata ruwa ta koma fara kamar nono, har suna mata kirari da nonon zaki. Baƙon da bai sani ba zai hango kofuna a tebur ya ɗauka ayran ake sha. Ayran kuwa kindirmo ne da ruwa da gishiri, ba ruwansa da maye. Ka duba allo ko ka tambaya: "ickisiz", a rubuce İçkisiz, ko "alkolsuz" na nufin babu giya. Inda ka ga an rubuta Meyhane kuwa, mashaya ce, ka wuce.

Kuɗin gidan gashi mudu biyu zuwa uku ne, in cikinka irin nawa ne ka ce "bir bucuk", faranti ɗaya da rabi, ya ƙaru. Hannu yana ɗorewa a gidajen da iyali ɗaya ke riƙe da su, amma tsadar nama ta sa wasu sun rage nauyin tsinke. Ciki kuwa zai riƙe har gobe, sai dai kitsen wutsiyar nan yana sa nauyin jiki, kada ka ci shi da rana in kana da sauran shaguna goma a gabanka. Ga mai iyali, yawancinsu suna da aile salonu, zauren iyali, galibi a sama, kuma a Fatih mace mai hijabi ba abin kallo ba ce.

Maganar nama. Mahauta Musulmi ne, naman alade, wanda suke kira domuz, ba abin da za ka ci karo da shi ba ne a gidan abincin talakawa. Amma ma'aikatar gona ta ƙasar tana fitar da jerin wuraren da ta kama da algus, kuma a cikin jerin an sha ganin niƙaƙƙen naman da aka cakuɗa da na kaza, da kayan ciki, wani lokaci har da na doki ko jaki ko alade. Kusan kullum a niƙaƙƙe ake samun wannan. Shi ya sa in ban san gida ba nake neman abin da idona zai shaida: tsokar da aka yanka gunduwa-gunduwa, haƙarƙari, ko buryan.

Tsofaffin gidaje masu suna, da masu kwaikwayonsu

Santambul tana da gidajen abinci da suka girmi kakanninmu. Hacı Abdullah a Beyoglu yana lissafin tarihinsa daga 1888, girkin Daular Usmaniyya yake yi, ba ya sayar da giya, kuma an san shi da jerin kwalaben 'ya'yan itace da aka dafa aka adana. Kanaat a Uskudar, a ɓangaren Asiya, tun 1933 yake, lokanta ne irin na nuni da yatsa amma tirorinsa sun ninka na unguwa. Gidan kofte na Sultanahmet da ke kan titin Divanyolu tun 1920 yake gasa 'yan curin nama, a ci da kwaɗon farin wake da albasa. Masu wake kuma suna jere a gaban Masallacin Sulaimaniya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, daga Laleli hawan tudu ne na 'yan mintuna.

Wajen ɗorewar hannu su ne kan gaba, don sunan shi ne jarinsu. Kuɗi ya bambanta sosai: wake a Sulaimaniya bai wuce mudu ɗaya da ɗoriya ba, kofte wajen biyu, cikakken zama a gidan girkin Usmaniyya uku zuwa sama. Sauƙi ya danganta da katin Istanbulkart, na biyan kuɗin jirgi da bas, a aljihunka. Jirgin T1 daga Laleli zai sauke ka a Sultanahmet bayan tasha uku, in ka zarce Eminonu ka hau jirgin ruwa zuwa Uskudar, ko ka bi jirgin ƙasa na Marmaray daga Yenikapi ta ƙarƙashin teku. Fita ce ta rabin wuni, ba ta ranar da kago ke jiran kayanka ba.

Haɗarin ba a cikinsu yake ba, a maƙwabtansu yake. Duk inda suna ya yi ƙarfi za ka ga gidaje a gefe da suna mai kama da shi, ka duba shekarar da ke jikin allo. Sannan akwai masu tsayawa a bakin ƙofa suna kiran baƙi. Wata shekara na raka wasu abokan tafiya wani gida a bayan babban masallacin nan na Sultanahmet mai hasumiya shida, don mai kiran ya yi mana sallama da Larabci ya ce mu 'yan'uwa ne. Aka kawo nama a cikin tulun ƙasa ana wuta, aka fasa bakin tulun a gabanmu, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Da takarda ta zo sai ga kuɗin ƙananan farantan da ba mu nema ba, ga ruwan da aka buɗe ba a tambaye mu ba, ga wani abu wai kuver, kuɗin zama a tebur, an ninka shi da yawan kawunanmu. Naman cikin tulun kuwa bai kai tas kebab ɗin ustana ba. Tun 1 ga Janairu 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci su kafa farashinsu a bakin ƙofa da kan tebur. Ka karanta kafin ka zauna, kuma in ka ce "hesap lutfen", wato a kawo lissafi, aka kawo takarda, ka bi ta layi-layi kamar rasit ɗin kaya.

Abincin tsaye

Simit, zoben burodi mai riɗi da ake turawa a jajayen kekuna, na saye shi lira 1 a zuwana na farko, yanzu ya daɗe da haura lira 10, amma har yau shi ne karin kumallo mafi araha, da kofin shayi. Akwai masu shinkafa da kaza a keken gilashi, masu gasa masara, da burodi da kifi a bakin ruwan Eminonu, kifin kuma titus ne da muka sani. Sai doner, wanda mu muka fi kira shawarma.

Kuɗi rabin mudu zuwa ɗaya, ban da doner na naman sa ko rago mai kyau, wanda yakan kamo kuɗin gidan gashi. In ka ga doner na nama da arahar da ta yi yawa, ka tambayi kanka me aka niƙa a ciki. Mai kyau za ka ga tsoka shimfiɗe a kan tsoka, falle-falle, marar kyau sumul yake kamar an yi masa yaɓe. Na kaza ya fi araha, shi ne kuma ya fi ɓata ciki in ya daɗe yana juyawa a zafin bazara. Ka saya inda layi yake, inda wuƙa ba ta hutawa. Sauƙi babu kamarsa, dare da rana. Riƙe ciki kuwa sai a hankali, awa uku ka ji kamar ba ka ci ba.

Abu biyu za a yi maka tayi a titi. Kokorec hanjin rago ne da aka nannaɗe aka gasa, mai son kayan ciki zai so shi, in wurin mai tsafta ne. Midye kuwa ƙumbar teku ce da aka cusa wa shinkafa, ana sayarwa a tire. Mu Malikawa ba mu da matsala da abin teku, su Hanafawan ƙasar ne malamansu ke ƙyamarsa, amma ni ba don fiƙihu nake gudunsa ba. Ban san awa nawa tiren ya yi a rana ba, kuma kwana biyu a ɗakin otal da gudawa ya fi kuɗin duk abincin tafiyar tsada.

Abincin gida

A lungunan Aksaray da Kumkapi akwai 'yan Afirka da ke dafa abinci, da yawa a saman bene babu allo, sai wani ya kai ka. Za ka samu dafa-duka, sakwara ko teba da miyar agushi, da shinkafar Sanagal. Kuɗin yakan kai mudu biyu, don manja da busasshen kifi daga nesa suke zuwa. Ba su cika daɗewa a wuri ɗaya ba, wanda ka sani bara bana ya tashi. Ba duk masu dafawar ne Musulmi ba, wasu kuma suna sayar da giya, sai ka tambayi 'yan'uwa da ke zaune a garin. Tsaka-tsaki shi ne gidajen Siriyawa da suka cika Fatih bayan 2011: shinkafa da kaza ko rago, ful da falafel, ɗanɗanon da duk wanda ya je Umara ya sani, kuma Larabcin makarantar allo ma yana isa a yi oda.

| Wuri | Kuɗi | Ɗorewar hannu | Riƙe ciki | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsohuwar lokanta | mudu 1 zuwa 2 | sai in ustan yana nan | sosai | kusa, amma rana kawai | ɗumamen yamma |
| Gidan gashi | 2 zuwa 3 | mai kyau a gidajen iyali | sosai, da nauyi | kusa, har dare | giya a wasu, niƙaƙƙen nama |
| Gida mai tsohon suna | 1 zuwa 3 ko fiye | ita ce ta fi | daidai | sai an hau jirgi | masu kwaikwayo, ƙarin lissafi a maƙwabta |
| Abincin tsaye | rabi zuwa 1 | babu tabbas | kaɗan | ko'ina, kowane lokaci | ɓacin ciki |
| Abincin gida | wajen 2 | suna yawan tashi | sosai | sai da ɗan jagora | giya, rashin sanin mai dafawa |

Wane ne zai je ina

Wanda ya zo kwana biyar don kaya kawai, cin ranarsa a lokanta, ya ƙara da simit da safe, da dare ya ci abu marar nauyi. Wanda jarinsa ƙarami ne, kowace dala lissafe take, shi ma nan ne, da kalmar "az" a bakinsa. Wanda zai karrama mai masana'anta ko wakilin kago da ya yi masa hidima, gidan gashi marar giya a Horhor ko buryan a Fatih, kuma ya shirya kokawar biyan kuɗi, don Baturke ba ya yarda baƙo ya biya cikin sauƙi. Dattijo mai hawan jini ko sukari ya tsaya ga miya da kayan lambu na lokanta, ya yi hankali da ayran don gishirinsa, da baklawa don zaƙinta. Wanda ya kwana goma har ya fara mafarkin tuwo, ya nemi ɗan gari ya kai shi saman benen nan sau ɗaya ya huce. Ranar Lahadi, da shaguna ke rufe, ita ce ta hawa jirgin ruwa zuwa Uskudar ko hawan tudun Sulaimaniya.

Kai kuma ƙanina, tun da labarin gidan ka daɗe kana ba ta, kada ka kai ta ranar farko. Ka bar ta ta huta a masauki, ka je kai kaɗai wajen sha biyu da rabi, ka leƙa bayan kanta, ka dubi waɗanda ke zaune, ka ce a ba ka az corba, ƙaramar miya. In tsohon nan mai farin kai ne ya zubo maka, washegari ka zo da ita da wuri kafin teloli su cika wurin, ku hau sama, ka sa a kawo mata yalon nan da sutlac, ka kuma gaya mata tun a hanya cewa kujerun roba ne. In ba shi ba ne, ka sha miyarka, ka ce "elinize saglik", wato sannu da aiki ga mai girki, ka biya, da daddare ka kai ta wajen masu buryan. In ka same shi, ka ce Haji mai ƙullin yaji yana gaishe shi.